Kifin da Ke Sake Haƙora

A gindin gadar Ngueli, inda kogin Logone ya raba mu da Kuseri, masunta ba su da zance sai haƙoran tsage. To, akwai ubangidansa a tekun Atlantika ta arewa, wajen Norwe, ana ce masa kifin kerkeci. Muni kam ba a magana. Kaguwa da dodon koɗi yake ragargaza kamar gugguru, kuma duk shekara sai ya sake haƙora. Jininsa ba ya daskarewa duk da sanyin tekun, namijin kuwa shi ke gadin ƙwai wata da watanni.

Na ba Baba mai banda labari, ya shafa wawulonsa ya ce, "Ɗana, haƙoran kawai nake so. Gadin a bar wa Hajiya."