Mas'alar Lemon da Ya Ƙetare Katanga

Magabata sun yi ittifaƙi a kan cewa haƙuri shi ne maganin zaman duniya, amma ina kyautata zaton da ɗayansu ya taɓa shuka irin lemon zaƙi a bayan ɗakinsa, yadda na yi da ragowar tsarabar da wani direba ya kawo mini daga Gboko, da lalle ya gindaya wa maganar sharaɗi.

Shekaru suka shuɗe ina yi wa itacen nan hidimar da ko surukaina ba su samu ba, kashin kaji da takin zamani ba yankewa, ruwa safe da maraice ko da ta kama in biya ɗan ga-ruwa, shi kuwa sai tsawo da ganye shar da ƙayoyi zaƙo-zaƙo, alhali ko huda ɗaya bai taɓa yi ba. Wanzamin unguwarmu ya ba da fatawar a kafa masa ƙusa, na kafa. Wata gyatuma ta ce a tsorata shi da gatari, na fita bayan sallar asuba ina wasa gatari a gindinsa ina yi masa wa'adi da kakkausar murya, har uwargida ta leƙo, ta yi salati, ta aika a kira mai ruƙiyya.

Daga bisani malamin gona ya warware mini sababin, ya ce wanda aka shuka daga iri yakan kai shekara 7 zuwa 10 kafin ya haihu, mai aure kuwa kamar 3. Ya ce yawan taki ganye yake haifarwa, kuma lemo yana son rana, ga shi darbejiyata ta yi masa rumfa. Ya umurce ni in hana shi ruwa da rani har ganyen ya soma nannaɗewa, sa'an nan in kwarara masa, domin ƙishirwar nan ce take tilasta masa fure.

Na bi umurni, Allah cikin ikonsa fure ya fito fari fat, ƙamshi ya cika gida, illa iyaka duk a reshe guda, wanda ya bi rana ya ƙetare katanga zuwa gidan maƙwabcina. Na kai mas'alar gaban liman, ya ce 'ya'ya na mai itace ne, amma maƙwabci yana da haƙƙin neman a sare reshen da ya shiga gidansa. Da jin haka na ga maslaha tana cikin kame baki.

Da lemo ya nuna, sai ga yaron maƙwabcin da kwano a rufe, ya durƙusa ya ce, "Baba ya ce a gaishe ka, ga lemon gidanmu ka ɗanɗana, wai in ya yi maka daɗi ka aje 'ya'yan ka shuka."