Allah Ya Bar Mana Masana Zamantakewa

Yaba kyauta tukwici ne, kuma mu mutanen Safana da Batsari an daɗe ana yi mana kyauta muna yin shiru kamar marasa tarbiyya. Kowace shekara, da zarar damina ta ja baya, ƙungiyar masana ilimin zamantakewa ta wannan yanki namu takan kira babban taronta. Farfesoshi da daktoci su baro ofisoshinsu, su sha manyan riguna, su zauna kwana da kwanaki suna tattauna halin da muke ciki. Ba mu roƙe su ba, ba su kuma taɓa neman ko moɗar ruwa a hannunmu ba. Kai, don tsabar kara, ko nauyin saukar baƙi ba su ɗora mana, domin ba sa zuwa. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, haka ma wanda ya yi yabo, don haka babu buƙatar kama suna.

Abin yabo na farko shi ne hikimar zaɓen wurin taro. Kowa ya san Safana da Batsari a bakin Dajin Rugu suke, dajin da ya miƙe har ya haɗe da dazukan Zamfara. Runka, Zakka, Babban Duhu, Wagini, Ruma, duk sunaye ne masu daɗin karantawa a cikin maƙala. Daga birnin Katsina, mutum zai karya kumallo a gidansa ya isa Batsari kafin hantsi ya dubi ludayi. Wani marar dabara da sai ya ce a kai taron can, a yi shi a harabar makarantar firamare, a gayyato mai unguwa da arɗo da matar da aka kashe wa miji. Allah Ya kiyaye. Masananmu sun san ido mugu ne, yana sa tausayi, tausayi kuwa yana ɓata bincike. Shi ya sa suke kama babban ɗakin taro a otal, mai sanyi da labule mai kauri, inda ƙura da kukan yara ba za su gurɓata sakamako ba. Magabata sun ce gani ya kori ji. Ƙungiyarmu ta yi nazari ta gano cewa ji ya fi gani tsawon rai.

Sai ranar buɗe taro. A katin gayyata an rubuta ƙarfe 9 na safe, amma ilimi ba ya son gaggawa. A bakin ƙofa akwai tebur, a kansa rasit da tarin jakunkuna. Ka biya kuɗin rajista, a miƙo maka jaka mai tambarin ƙungiya, cikinta biro guda, littafin rubutu, da wata 'yar takarda wadda ta fi duk takardun taron daraja, wato ta karɓar abinci. Daga nan sai jiran babban baƙo na musamman. Wajen azahar wakilin wakilinsa zai iso da jiniya, a miƙe tsaye. Mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya fara jero muƙamai, daga uban taro zuwa uwar taro, daga shugaba mai ci zuwa shugaban da ya sauka shekara goma da ta wuce, kada a manta da kowa a jawo gaba. A miƙa wa baƙon lambar yabo ta gwarzon zaman lafiya, ya karɓa a madadin maigidansa, a yi hoto. Yana fita, 'yan jarida da rabin ɗakin su bi bayansa. Wannan ma darasi ne, domin babu littafin da zai koya wa ɗalibi yadda al'umma ke jera mutanenta hawa-hawa kamar wannan wuni guda.

Bayan an ci shinkafa da kaza, ciki ya ɗauka, ido ya fara lumshewa, sai a shiga gabatar da maƙalu. Nan ne ake ganin baiwa. Malami ya shekara yana shirya takarda a kan 'yan bindiga da rushewar zaman iyali a yammacin Katsina, a ba shi minti biyar. Biyu su tafi wajen gaisuwa, ɗaya wajen neman wayar da za ta haɗa kwamfuta da majigi. Yana cikin karanta sunayen Turawan da suka fassara ma'anar rikici, sai shugaban zama ya ƙwanƙwasa tebur: "Dakta, lokaci ya tafi, tsallaka zuwa shawarwari." Dakta kuwa ba ya jin ciwo, don shawarwarin a ka suke. Musabbabin matsala uku ne: talauci, rashin aikin yi, jahilci. Magani biyu ne: ya kamata gwamnati ta tashi tsaye, kuma masu ruwa da tsaki su haɗa hannu. Bara haka aka gano, bana ma haka, baɗi in Allah Ya kai mu haka za a gano. Wane ilimi ne a duniya ya kai wannan tabbata? Likitoci kullum cikin sauya magana suke, masu hasashen yanayi su ce ruwa a ga rana, amma namu masanan ba su taɓa saɓa wa kansu ba. In an zo tambayoyi, wani dattijo ya miƙe: "Ranka ya daɗe shugaba, takarda ta yi kyau, sai dai ban ga sunana a cikin manazarta ba." A yi tafi, a kira na gaba.

Masu hassada sukan tambaya, a ina ake samo bayanan, tunda ba a zuwa? Wannan tambayar jahilci ce. Akwai takardar tambayoyi, da Turanci mai kauri, ana buga ta da yawa a damƙa wa ɗalibi. Ɗalibin kirki zai nemi kangon da 'yan gudun hijira suka raɓa a gefen birni, ya tarar da tsohuwa tana tsinke tafasa a faifai, jikoki sun kewaye ta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya fassara: "Iya, cewa rashin tsaro yana shafar noma, kin amince ƙwarai, ko kin amince kawai, ko ba ki da ra'ayi?" Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ni da gonata damina uku ke nan ko a mafarki ba mu haɗu ba." Yaro ya duba takarda sama da ƙasa, babu gurbin wannan amsa, sai ya yi maki a kan "ba ta da ra'ayi". Ɗalibi mai wayo kuwa ba ya wahalar da tsofaffi, a ɗakin kwanansa yake cike takardun duka, yana sauya biro don adalci. Ingancin wannan hanya ya bayyana a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Safana da Batsari, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka. Wata da watanni ɗa ba ya jin muryar uwarsa, mutum sai ya hau mota ya yi tafiya kafin ya aika saƙon rasuwa. Amma bincike a kanmu bai tsaya ba ko na yini guda.

In ana son a san irin ci gaban da aka samu, sai a waiwayi wahalar banza da magabata suka sha. Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, wanda kuma ake kira uban wannan fanni, lokacin da Taimur ya yi wa birnin Dimashƙa ƙawanya a 1401, da igiya aka zura shi ta kan ganuwa ya je ya zauna da maharin, ya yi magana da shi baki da baki. Tsoho mai shekara kusan 70 yana lilo a jikin igiya, ina mutunci a nan? Mary Smith ta zauna gaban wata tsohuwa a ƙasar Zazzau daga 1949 zuwa 1950 tana rubuta abin da ke fitowa daga bakinta, har aka buga littafin Baba ta Karo a 1954. A ciki tsohuwar ta ba da labarin mahara da satar mutane da yadda dangi ke harhaɗa kuɗin fansa, abin da in an karanta wa mutumin Runka yau zai ce labarin makon jiya ne. Polly Hill ta tare a Batagarawa, nan kusa da Katsina, a 1967, tana bin gona-gona da rumbu-rumbu, ta fitar da littafinta a 1972, inda ta nuna yadda talauci ke kai manomi ga kasa noma gonarsa, ya koma ƙwadago a ta maƙwabci. Ko a kwanan nan an sami mai irin wannan taurin kai, Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya shiga dazukan Zamfara ya zauna da 'yan bindiga, ya gabatar da abin da ya gano a 2021. To, shi masanin tarihi ne, a yi masa uzuri. Duk waɗannan sun sha rana da sauro, kuma a cikinsu wa ya koma gida da jaka mai tambari?

Wani abin burgewa shi ne kunya. Akwai tambayoyin da ɗan halak ba ya yi a gaban manya, kuma ƙungiyarmu ta san su ɗaya bayan ɗaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, yankin Ruma da Kukar Jangarai kuma yana cikin wuraren da aka tanada don kiwo. Wa ya yanka burtali da mashaya ya mai da su gonaki, sa hannun wa ke kan takardun? Bafulatanin da aka tatse a caji ofis da kotu har garkensa ya ƙare, ina 'ya'yansa suka nufa? Ranar da 'yan sa-kai suka fara yanke hukunci a tsakiyar kasuwa, me ya biyo baya? Wa ke kai fetur da burodi da ƙwaya daji, wa ke sayen shanun da aka koro? Idan aka yanka wa ƙauye harajin noma, yaya ake raba shi gida-gida, nawa ke faɗa wa gwauruwa, wa ke ɗaukar kuɗin ya kai? Me ya warware sulhun da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ƙulla a 2016, da wanda ta sake ƙullawa a 2019? Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 me ta sauya a zaman gari da ruga? Zaman sulhun da aka yi ta yi a Batsari da Jibiya da Safana a 2025, wa ya ci riba, wa aka ce ya yafe ba a tambaye shi ba? Kowane tsoho da ke zaune a gindin bedi a Safana zai amsa rabin waɗannan kyauta, in an kawo masa goro ya ƙara da sunaye. Matsalar ke nan. Amsa mai suna tana iya ɓata wa babban baƙo rai, talauci da jahilci kuwa ba su da lauya, ba sa kuma fasa ba da gudummawar taro.

Kada a ɗauka masanan nan ba su da zafin nama. A jira daren ƙarshe, lokacin zaɓen shugabanni. Mutanen da suka yi gyangyaɗi a kan mutum 30 da aka kashe a Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, da 47 da aka kashe a Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma a Afrilun shekarar, da yara sama da 300 da aka kwashe a Ƙanƙara a Disamba, su ne za ka ga jijiyar wuyansu ta tashi a kan kujerar ma'aji. Wannan jami'a ta haɗa kai da waccan, 'yan wannan jiha su ce karonsu ne, a fito da tsarin mulkin ƙungiya ana nuna sashe da yatsa. Asabiyya, wato kishin dangi, wadda Ibn Khaldun ya cika shafuka yana bayani, ga ta nan tsirara a ɗakin otal, ba sai an je daji ba.

Da safe a karanta takardar bayan taro. Taro ya lura, taro ya nuna damuwa, taro ya yi kira. Marasa ladabi suna kiran wannan ihu bayan hari, wasu su ce taron tsintsiya ba shara. Ba su san lissafi ba. Mai otal ya samu, mai buga jaka ya samu, mai hoto ya samu. Malamin da ya biya kuɗin mota da masauki daga albashin da bai taka kara ya karya ba, wanda ya sha yajin aikin wata 8 a 2022, ya koma da shaidar halarta, maƙalarsa ta shiga kundi, kundi ya shiga fayil, fayil ya zama ƙarin girma. Da can auduga da gyaɗa ake ɗiba a ƙasar nan a kai inda za a sarrafa, yanzu wahalarmu ake ɗiba ɗanya, a sarrafa ta a birni ta fito farfesa. Ko da ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na Katsina a wata shida na farkon 2025, lambar ba ta tafi a banza ba, ta ƙawata gabatarwar takardu da dama.

Saboda haka roƙonmu kaɗan ne. Idan an buga kundin bana, a taimaka a aiko mana da ko guda goma ne a motar kasuwa. Ba don karatu ba, mun san ba da harshenmu aka rubuta ba, kuma makarantun ƙauyukan da aka tasa ba su buɗe ba balle a sami mai fassara. Masu ƙosai da masu tsire na bakin tasha suna ƙarancin takarda, ta hannunsu sakamakon bincike zai shiga kowane gida. Sannan a ci gaba da yin taron a inda aka saba, kada wani matashin malami mai rawar kai ya ruɗe ku da zancen zuwa Runka. Ku zauna lafiya, ranku ya daɗe. Mu kuma daga nan, da mu da mutanen daji da masu ba da kwangilar tsaro, za mu ci gaba da ƙoƙari kada ku rasa abin tattaunawa baɗi.