Ranar da na kai wa Bakolori maganin ƙanƙara

Surukina masunci ne a madatsar ruwa ta Bakolori. Da labari ya iso Gusau cewa ya ɗaura wa jirginsa injin Yamaha, sai na ce yau zai san 'yarsa ba jahili ta aura ba. Na sayi galan na koren ruwan lagireto mai hoton dusar ƙanƙara, na bi ta Bunguɗu ina bitar karatuna.

Na durƙusa na gaishe shi, sannan na buɗe makaranta: "Baba, rabi wannan, rabi ruwan batir. In an haɗa haka, sai sanyi ya kai digiri 37 ƙasa da sifiri kafin ya daskare."

Watan Afrilu ne, gumi na ɗiga daga haɓata. Ya dubi galan, ya dubi rana. "Malam, tun 1978 da aka tare ruwan nan ban ga ya daskare ba, ko a tsakiyar hunturu. Amma nuna mini inda za a zuba."

Na yi ta zagaya inji. Babu lagireto! Ashe ruwan dam yake zuƙa ta ƙasa, ya huce da shi, ya tsartar ta wani ɗan rami. "Ga fitsarinsa nan," in ji Baba. Yara suka taru suna taya ni nema, wani ya ba da shawarar tankin fetur.

Bazamfare ba ya asarar kuɗinsa haka kawai. Ina komawa gida na juye shi tsurarsa a lagireton tsohuwar motata, a kan jan da ke ciki. Ana nan, ina hanyar Tsafe, daidai dutsen Kwatarkwashi, mota ta fara tururi kamar tukunyar dambu.

Makanike ya jira ta huce, ya buɗe murfi, ya lakato wani abu mai kauri. "Yallaɓai, wa ya ce ka haɗa kore da ja? Wasunsu ba sa shiri, cuɗewa suke su toshe hanya. Kuma tsuransa bai kai ruwa ɗaukar zafi ba, dole a sirka. Ragowar ka ɓoye wa yara, zaƙi gare shi, kuma guba ne."

Na tambaye shi ko aƙalla injin ya tsira daga daskarewa.

"Wannan kam, Yallaɓai, ka yi maganinta. Kawo kuɗin wankin lagireto."