Baƙin Itatuwana a Lugbe

Duk wanda ya gina gida a Abuja sai ya kamu da ciwon shuke-shuke. Ka bi titin filin jirgi, ko ka ratsa Jabi da Gwarinpa, za ka ga masu sayar da tsirrai sun jera su a bakin hanya cikin baƙaƙen ledoji, kowanne da dogon sunan Turanci da farashin da ya fi sunan tsawo. Ni nawa ciwon ya fi na kowa tsanani, domin na ci alwashin sai na shuka abin da babu shi a gidan kowa a Lugbe.

Aiki ya kai ni Turkiyya. Bayan cin abinci aka kawo mana wani ɗan itace a faranti, an dafa shi da sukari har ya yi jawur. Aka ce safarjal ne, ɗan uwan tuffa, kuma babu ƙasar da ta kai Turkiyya nomansa a duniya. Ɗanyensa tauri gare shi da bauri, sai an dafa yake ciwuwa. Na sayi ɗanyen a kasuwa, na fasa a ɗakin otal, na ƙulle 'ya'yan a hankici.

Da na dawo na zuba ƙasa da kashin kaji a tsohon bokitin fenti, na binne su, na ajiye a baranda inda yara ke zama da yamma suna ciye-ciyensu. Aka daɗe shiru. Ran nan da safe sai ga tsiro ya leƙo. Na yi hamdala, na ɗauki hotonsa na tura wa duk wanda nake da lambarsa.

Sai da ya yi ganye na duba intanet, na ga ashe safarjal sai ya sha sanyin hunturu na gaske, ya zubar da ganye ya yi barci, sannan ya yi fure. Sanyin da muke yi wa kuka a Disamba da Janairu, har mu naɗe kai da rawani mu ƙi wanka, ko kusa bai kai ba. Jos da ake noman tuffa da sitiroberi tana bisa tudun da ya kai mita 1,200, Abuja kuwa ko rabin haka ba ta kai ba, ga zafin Maris da yakan haura 35 a ma'auni. Wani zai haƙura. Ni na tuna akwai firiza a gidan.

Firizar ta uwargida ce, da ita take sana'ar zoɓo da kunun aya. Na kafa doka cewa kullum safe da yamma a ba maigadinmu, wani dattijo mutumin ƙauyen Katsina, ƙullin ƙanƙara ya jera a gindin tsiron.

"Abban yara, yanzu ƙanƙarar da nake neman kuɗi da ita ce za a ba ciyawa?"

"Ba ciyawa ba ce, baƙo ne. Baƙonka kuma annabinka."

Ranar da aka ɗauke wuta kuwa ni da kaina nake tayar da janareta, in sa mai daga aljihuna. Baba maigadi bai taɓa musu ba. Ya karɓi ƙanƙara da hannu biyu ya ce, "An gama, Yallaɓai." Tsiro kuwa sai bunƙasa yake, har aka fasa bokitin aka mai da shi ƙasa.

Ana cikin haka sai ga baƙo na biyu. A bayan gida akwai wani kwari inda ruwa ke kwanciya tun daga Afrilu har Oktoba. Wani ɗan itace ya fito a wurin da kansa, mai faffaɗan ganye mai sheƙi. Furensa ne abin kallo: dunƙule yake kamar curin fura da aka soke da allurai ta ko'ina, ga ƙamshi, ga zuma na ta shawagi. Maƙwabcina da ya yi karatu a Amurka ya leƙo ta katanga ya ce, "Kai Alhaji, ina ka samo buttonbush?" Ya ce a fadamun gabashin Amurka yake fitowa, yana jure tsayawa cikin ruwa, har saye ake a shuka saboda malam-buɗe-littafi. Ban ce na saya ba, ban kuma ce ban saya ba. Na dai gyara hula.

Hidima ta zama biyu ke nan. Na Turkiyya sanyi yake so, na Amurka ruwa. Da rani ya shigo kwarin ya bushe, sai na ƙulla ciniki da 'yan ga-ruwa, su turo kura cike da jarkoki su juye a bayan gida. Har suka sa wa gidana suna, gidan mai shayar da daji.

Bayan shekara ta zagayo na gayyaci abokan aiki su zo ganin lambu. Aka yi sa'a, ko rashinta, mahaifiyata ta zo daga gida duba jikoki. Ina tsaye a bayan gida ina bayani kan fadamun Amurka, sai ga Inna da carbinta.

"Ikon Allah! Wa ya shuka muku tafashiya? Kai, kawo min fartanya in sari saiwar, ɗan autanka tun jiya jikinsa da ɗumi."

Nan take ta tono saiwa rawaya, ta ce jiƙa ta ake a sha don zazzaɓi, ɗaci gare ta, kuma 'ya'yan idan sun nuna sun yi ja ana cin su, ita tana yarinya ta ci har ta gaji. Maƙwabcina ya yi ta maza ya ce ai dangi ɗaya ne da na Amurkan, su da giyayya, har ma da itacen kofi. Gaskiya ya faɗa, amma babu mai saurare, kowa ya toshe baki da hannun riga.

Na ja tawaga zuwa gaba, inda nake da tabbacin mutuncina zai dawo. Na soma ba da labarin Istanbul. Inna ta tsinki ganye ɗaya, ta murza, ta kai hanci.

"Wannan kuma gwaiba ce. Amma ta yi kyau, wa ke kula da ita?"

Yara suka zame ɗaya bayan ɗaya. Da dare na sake duba intanet, na ga 'ya'yan safarjal ba sa ma tsirowa sai sun yi makonni cikin sanyi da danshi. Wato tun kafin shuka ake bukatar firizar. Uwargida tana bayana tana lissafin ƙanƙara da ƙarfi, don in ji.

Da safe na sami Baba a bakin ƙofa yana shan shayi.

"Baba, kai mutumin ƙauye ne. Duk tsawon nan ba ka gane gwaiba ba?"

"Tun tana ganye huɗu na gane ta, Yallaɓai."

"To ƙanƙarar fa? Ba ka ji tsoron ta kashe ta ba?"

"Haba Yallaɓai, wa zai zuba wa gwaiba ƙanƙara? Tambayi masu gadin layin nan. Ko a azumin bara babu wanda ya sha ruwa da ɗumi, kuma kullum sai sun sa maka albarka."