Tsakanin Arne da Kare

Wanda bai taɓa zama a majalisar neman wa jariri suna a ƙasar da hukuma ke ba iyaye wata shida su yi nazari ba, bai san girman ni'imar da aka yi mana da aka taƙaita al'amarin cikin kwana bakwai ba, domin a wurinmu kafin gardama ta nuna, liman ya riga ya raɗa suna, an yanka rago, wanzami ya yi aski, kowa ya ɗauki goronsa ya kama gabansa. Na fahimci haka ne a Oslo, babban birnin Norwe, inda ɗan ƙanena, wanda ya tafi neman ilmi ya haɗa da aure, ya sami ɗa namiji, ya yi masa huɗuba da Muhammadu, amma ya ɗaukar wa surukansa alkawarin za a ƙara wa yaron suna na biyu irin na Sikandinabiya. A kan wannan suna na biyun ne na ga jinsin mutane iri-iri.

Na farkonsu ma'abocin tarihi ne, kawun maijego, likitan haƙori mai gemu har ƙirji, wanda ina kyautata zaton bai taɓa yanka ko kaza ba, amma ba ya yarda da wani suna sai na mayaƙan teku na dā, waɗanda ake kira Viking. Ya kawo Ulf, wato kyarkeci, ya kawo Bjørn, dabbar nan da Larabawa ke kira dubbu, sa'an nan ya kawo Torstein, dutsen Tor, alhali Tor ɗin nan gunkin tsawa ne na zamanin jahiliyyarsu, wanda har yau sunansa ke kan ranar Alhamis a harsunansu. Na ba shi labarin Ahmad ibn Fadlan, manzon halifan Bagadaza, wanda ya gamu da mutanen da ake dangantawa da kakanninsa a bakin kogin Bolga a shekarar 922, ya yaba tsawonsu har ya kamanta su da itacen dabino, amma game da tsabtarsu ya faɗi abin da ba a maimaitawa a kan akushi; sai mutumin ya riƙe rabin farko ya yi murna. Suna ɗaya ne nasa ya kwanta mini, Leif, wanda ma'anarsa Magaji, sunan wanda ya taka nahiyar Amurka wajen shekara ta 1000, amma da na ji yadda suke furta shi, na kuma tuna harshenmu bai cika barin kalma ta ƙare ba wasali ba, sai na hango yaro a Zariya ana kiransa Laifi tun bai yi komai ba.

Ta biyu gwaggo ce mai ƙaunar sarauta, wadda ta haddace cewa sarakunan Denmak sun yi ta musayar Christian da Frederik tun 1513, kamar ba a halicci suna na uku ba, kuma ta san cewa a 1905, da aka ɗauko yarima Carl daga can aka naɗa shi sarkin Norwe, sai da ya koma Haakon, ɗansa Alexander ya koma Olav. Ta fi son Christian. Na roƙe ta ta jera shi bayan Muhammadu ta faɗa da ƙarfi sau ɗaya, ta faɗa, ta janye.

Akwai kuma bawan ƙididdiga, wanda ke jiran jadawalin sunaye da hukuma ke fitarwa kowace shekara kamar yadda manomi ke jiran ruwan farko, ba ya son sunan da ke sama don kada yaro ya shiga aji a kira shi yara biyar su amsa, ba ya son na ƙasa don kada a yi masa dariya, yana neman tsakiyar da babu wanda ya san inda take. Wannan ya daɗe yana wa'azi cewa wajibi ne yaro ya sami sunan da ɗan Oslo na haƙiƙa ke ɗauka, har ranar da ya buɗe jadawalin birnin ya tarar cewa shekaru da dama sunan da ya fi yawa a jariran maza na Oslo, in an haɗa rubuce-rubucensa daban-daban, shi ne wanda uban ya riga ya raɗa. Ya ninke takardarsa, ya nemi a ƙara masa gahawa.

Wadda ta fi ba ni wuya ita ce kakar yaron ta wajen uwa, dattijuwa mai haƙuri da karamci, wadda ba ta da wata hujja sai al'adar iyayenta ta mayar da sunan magabata, al'adar da ba baƙuwa ba ce a gare mu, mu da gidajenmu ke cike da Abba da Baba saboda kunyar ambaton sunan ainihi. Ta ce marigayi mijinta mutumin kirki ne, sunansa Arne, ma'anarsa gaggafa. Ɗan ƙanena ya sunkuyar da kai, ya bar ni da aikin, ni kuwa na yi ta kewaye-kewaye irin na mai neman aure kafin na bayyana mata cewa ɗan musulmi, jikan alaramma, ba zai iya shiga Zariya da wannan suna ba, ko da gaggafar ta zo da kanta ta yi shaida. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce to, akwai mahaifinta, Kåre. Na tambayi yadda ake rubuta shi, ta rubuta, na ga wani ɗan ƙaramin zobe a kan harafi na biyu, wanda shi kaɗai ne ya raba jikanmu da abin da ke haushi a ƙofar gida, kuma na tabbata zoben nan ba zai tsallake teburin magatakarda na farko ba. Cikin ƙarfin hali ta ambaci wani ɗan'uwa a Denmak mai suna Kaj, da ta furta shi sai na ji "Kai!", na ce mata ranar da uwar ta kira yaron a kasuwar Sabon Gari, rabin kasuwa zai waiwayo, rabi zai nemi sanin laifinsa.

Ba zan daɗe a kan mai tsoron hukuma ba, wanda kullum yake tunatar da mu cewa Denmak na da jerin sunayen da aka halatta, Aisilan na da kwamitin suna tun 1991, kuma a Norwe da Suwidin ofishin haraji ne ke karɓar sunan jariri, sai ka ce jangali za a biya a kansa. Haka ma mai cewa "duk abin da kuka zaɓa ya yi", wanda fuskarsa ke yin tsami a kan kowane zaɓi.

Jinsi na ƙarshe shi ne malamin da ba ya jin suna sai ya nemo masa asali a Ƙisasul Anbiya, kuma ba zan ɓoye ba, ni ne. Na nuna musu cewa Noah ɗinsu Nuhu ne, Isak Isiyaku, Jakob Yakubu, Elias kuwa Iliyasu, na yi bayani mai tsawo wanda babu wanda ya nema, har maijego, wadda ita ce ta yi naƙudar amma babu wanda ya tambaye ta komai, ta ce tun yaron na ciki take kiransa Elias a ranta. Aka rubuta haka a wata na biyar.

Da aka buga waya Zariya don a sanar da kakarsa ta wajen uba, ta saurari sunayen biyu, ta sa albarka, ta ce a kara mata wayar a kunnen Maigida ta ji ko ya kawo cefane. Kakar Oslo ta tambaye ni ma'anar Maigida, na gaya mata, ta ɗauko alƙalami ta ce in rubuta mata shi, ta kuma tambaya ko akwai zobe a kan wani harafi.