Ku Matso, Ku Yi Murmushi, A Sake

Wani abokina zai kai iyalinsa Dubai hutun ƙarshen shekara, yara sun kafa masa ƙahon zuƙa sai an kai su wuraren lilo, shi ne ya kira ni yana tambayar wace kyamara zai saya. Na ce masa tukuna. Sau biyu na yi wannan tafiya da nawa iyalin, ɗaya cikin zafin Agusta, ɗaya a Disamba, kuma na zauna a inuwa na ƙare wa jama'a kallo. Kafin a zo maganar kyamara, gara ya fara duba ko yana cikin waɗannan bayin Allah.

Akwai Alhaji Sai-an-je. Shi ba ya sayen kyamara a gida, wai a can ta fi araha. Daren da za a fita yake shiga wani kanti a Deira, a miƙo masa Canon da ɗan gilashinta na 18-55, ya biya ya fito yana taƙama. Ba za a buɗe kwali ba sai a cikin mota, a hanyar Abu Dabi. A nan ake gano cewa cajin batirin bai kai ya kawo ba, memori kuwa daban ake sayensa. Ko da ya tsallake wannan, wani tarkon na jiransa a bakin ƙofa: kyamarar ta sha sanyin mota, ya fito da ita cikin iska mai zafi da laima, nan take gilashin ya yi gumi. Hotuna goman farko kamar an ɗauke su a Kano cikin hazon Janairu. Maganin abin shi ne a bar ta cikin jaka minti goma ko sha biyar ta saba da waje. Alhaji ba shi da wannan haƙurin, sai ya kama bakin babbar riga, daidai wurin aiki, ya hau gurzar gilashi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma shi a ranar ma yake shuka duman.

Maƙwabcinsa a layi shi ne Mai Kayan Yaƙi: jaka a baya, jaka a gaba, gilasai uku, da sandar kafa kyamara mai ƙafa uku da ba za a bar shi ya hau komai da ita ba. Rabin yininsa a wurin akwatunan ajiya yake ƙarewa. Uwargida ce ke saɓe da goyo tana tura keken jariri, domin shi hannunsa ba kowa.

Wanda ya fi ba ni tausayi, ko in ce wanda iyalinsa suka fi ba ni tausayi, shi ne Darakta. Wannan ya ɗauka Kannywood ce ta turo shi. Yara sun hango lilo tun daga nesa, jikinsu na ɓari, shi kuwa sai ya jera su a bakin ƙofa bisa tsawo. “Ku matso. Ummi, gyara mayafi. Khalifa, cire hannu daga baki. Ku yi murmushi. A'a, a sake.” Ƙarfe sha biyun rana ne, ya sa su fuskanci rana, kowa ya runtse ido kamar ana hura masa barkono. Da ya ga haka sai ya juya su, rana ta koma bayansu, fuskoki suka zama garwashin da ya mutu. Nan akwai wata matsala tamu ta musamman da littafin cikin kwali ba ya damuwa da ita. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta raba daidai. Idan ta ga farar shadda mai ƙyalli da farin bango a baya, sai ta ce haske ya yi yawa, ta rage. Riga ta fito fes har ana ƙirga zaren aiki, fuskar mai rigar kuwa sai haƙora. Akwai ɗan maɓalli mai alamar ƙari da ragi, a wayoyi kuma a taɓa fuskar mutum a ja ɗan hoton rana sama. A ƙara mataki ɗaya, ko a tura jama'a inuwa, ko a bari sai bayan la'asar lokacin da rana ta yi laushi. Darakta bai san da wannan ba. Shi dai a sake. Kafin a kai ga na bakwai auta ya fara kuka, uwargida ta ce, “Abban Khalifa, kuɗin shiga fa muka biya, ba na tsayuwa a ƙofa ba.” A dukan hotunansa babu guda da yaro ke dariyar gaske, domin lokacin da suke dariyar yana can sunkuye yana duba na baya.

Hajiya Mai Status ba ruwanta da kyamara, wayarta ta ishe ta, kuma gaskiya wayar ta fi ƙarfin aikin. Ita ba don tarihi take ɗauka ba, don dangin miji ne da matan unguwa. Kafin a shiga ta ɗora bakwai. Tana mamakin me ya sa hotunan ke fitowa da hayaƙi-hayaƙi, alhali man shafawar hannunta ne ya dame idon wayar, gogewa ɗaya da gefen mayafi ta wadatar. Kafin azahar batir ya yi ja, babu fawa-bank, kuma tikitin mutum tara duk a cikin wannan wayar yake. Sai ka ga ana zagaye ana neman soket kamar masu neman ruwa a Sahara. In an dawo gida ta tura wa kowa ta WhatsApp, wanda ke matse hoto ya rage masa kyau sai dai in an tura shi a matsayin fayil, sannan ta goge na asali don waya ta cika.

Sai Injiniya, ɗan yayan maigida, wanda ya kwana uku yana kallon YouTube. Ya karɓe kyamara da cewa, “Kawu, Auto ai na 'yan koyo ne.” Ya murɗa ta zuwa M, ya shiga IMG Worlds of Adventure, wurin da aka rufe ruf da rufi tun buɗe shi a 2016 saboda zafin ƙasar, fitilunsa kuma dishi-dishi. Yana maganar ISO kamar a gidansu aka haife ta. Sakamako: yara sun zama aljanu masu hannu huɗu. Abin da ya kamata ya sani guda ne. Yaro mai gudu yana bukatar kyamara ta ƙifta da sauri, kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa ko ƙasa da haka. Wanda bai iya lissafin ba ya murɗa zuwa inda aka zana ɗan mutum yana gudu, ya ƙyale ta da aikinta. Ba abin kunya ba ne.

Ɗan'uwansa na dare shi ne Mai Filasha, wanda za ka gani a Global Village yana haska wasan wuta da ke can sararin sama da fitilar da iyakarta taku huɗu ko biyar. Ƙeyar wanda ke gabansa ce kawai ke fitowa, amma fa tana fitowa da kyau.

Akwai kuma wanda ba na wasa da lamarinsa: mai juya kyamara kan baƙi, musamman matan mutane, wai yana ɗaukar yanayin gari. A Daular Larabawa ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba laifi ne a doka, balle a yaɗa shi. In yana cikin tawagarku, ku karɓe.

Jarumi kuwa a Ferrari World nake ganinsa, a tsibirin Yas. Akwai wani jirgin lilo a can, Formula Rossa, da ke kai gudun kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar. Abin da sai an ba ka tabarau ka ɗaure kafin ka zauna, don kada yashi ko ƙwaro ya same ka a ido. An ce a ajiye waya, a ajiye hula, a ajiye komai. Jarumi yana ta cika baki a layi cewa da an bar shi da wayarsa da ya nuna wa 'yan gida bidiyon da ba su taɓa gani ba, har yana jin haushin an hana shi sandar ɗaukar hoton kai, wadda wuraren Disney ma suka haramta tun 2015. To, irin waɗannan wurare suna da tasu kyamarar a kan hanya, tana ɗaukar kowa a daidai inda hankali ke gushewa, a nuna a allo a bakin fita. A nan 'ya'yansa suka tarar da shi: ido rufe, kumatu sun koma wajen kunne, baki buɗe a tsakiyar salati. Ya saya, ba don yana so ba, don yana zaton in ya biya za a cire shi daga allon.

Ita kuwa Hajiya Babba tamu tun safe ta ce kada wanda ya ɗauke ta, ta zauna a inuwa tana gadin jakunkuna da takalma. Ban san lokacin da jikarta 'yar shekara takwas ta zari kyamarar da na ajiye a gefenta ba. Yarinyar ba ta ce kowa ya matso ba. Tsawonta daidai da na ƙannenta, don haka ido cikin ido ta ɗauke su, abin da mu manya sai mun durƙusa muke samu kuma ba ma durƙusawa. Ta kama Hajiya tana lasar askirim ɗin auta a ɓoye, tana hararar gefe. Shi ne hoton da ke bangon falonmu yanzu.

Nawa nau'in na bar shi ƙarshe don kunya. Da muka dawo aka haɗa kyamara da talabijin, aka zauna kallo bayan isha. An wuce ɗari, an wuce ɗari biyu, sai auta ya juyo ya ce, “Abba, kai ba ka je ba ne?” Uwarsu ta nuna kusurwar allo, inda wani abu ja-ja ya tare rabin kan Khalifa, ta ce, “Ya je mana. Ga yatsansa nan.”