Murhun Giwa da Layin da Kunkuru Ya Gano

Ga ta nan, ga ta nanku.

A wani daji da ake ce wa Jojiya, can ƙasar Amurka, akwai wasu ƙananan garuruwa, kowanne yana da turakunsa da wayoyinsa da mai karɓar kuɗin wuta. Murhun da ke haifar da wutar kuwa na Giwa ne. Kurege ya saro, Bushiya ta saro, Kunkuru ya saro, kowa ya raba wa 'yan garinsa.

Da mai ya yi tsada a 1973, Giwa ta ƙara kuɗi. Kurege ya tafi shi kaɗai neman ragi, ko kunne ba ta kaɗa masa ba. A hanyar dawowa ya ji ƙishin-ƙishin cewa ita ma gina sababbin murahu take yi, kuɗi sun yanke mata. Sai ya tara 'yan'uwa.

"Mu ajiye ƙoƙon bara," in ji shi. "Mu sayi kaso a murhun kansa."

Bushiya ta ce, "Da wane kuɗin, Malam Kurege?"

"Bashi. Ni kaɗai ba mai ba ni ko sisi. Amma in gari kusan hamsin suka sa hannu, masu kuɗi za su saurara."

Aka kawo takarda. Kowa na ɗokin dangwala yatsa, sai Kunkuru, wanda karatunsa kamar tafiyarsa ne, ya tsaya a wani layi. "Jama'a, wai ko wuta ta zo ko ba ta zo ba, sai mun biya."

Kurege ya sosa ƙeya. "Baba Kunkuru, ai don wannan layin za a ba mu bashin."

Aka yi shiru, sannan aka dangwala. A 1975 majalisar dajin ta amince da ƙungiyarsu. Suka sayi kasonsu a murahu da manyan layukan dakon wuta, suka buɗe ofis guda mai lissafin abin da kowane gari zai sha a lokacin zafi. In wuta ta yi rara a sayar, in ta gaza a sayo. Giwa ta koyi gaishe da Kurege.

Ana nan sai aka tashi ƙara murhun nukiliya biyu a wurin da ake kira Vogtle, ƙungiya ta ɗauki kashi 22.7 cikin ɗari. Aiki ya yi ta jan ƙafa, shekara bakwai kan wa'adi, kuɗinsa ya haura dala biliyan 30. Bushiya ta tayar da ƙayoyi ta ce fita za ta yi. Kunkuru bai ce uffan ba, ya dai miƙa mata takardar, yatsansa a kan layin nan. Ta zauna. Murhu ɗaya ya kama a 2023, ɗayan a 2024.

Ƙurunƙus kan kusu. Ƙungiyar dai tana nan, sunanta MEAG Power, mambobinta 49, kuma har yau suna biyan bashin.